Blakberi a Ƙauyukan Ingila Zamanin Sarauniya Biktoriya: Tambayoyi da Amsoshi

Wanda ya yi watan Satumba a Ingila ya ga mutane tsaye a bakin shinge da 'yan robobi, yatsu sun rine, suna tsinkar wasu baƙaƙen 'ya'yan itace daga cikin ƙaya. Al'adar tsohuwa ce, kuma a zamanin Sarauniya Biktoriya, daga 1837 zuwa 1901, ba nishaɗi kawai ba ce. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu karatun tarihin Ingila da baƙin da suka zauna can suka fi maimaitawa.

Wane irin tsiro ne blakberi?

Tsiro ne mai yaɗo da ƙaya mai lanƙwasa, dangin furen wardi, masana suna kiransa *Rubus fruticosus*. Yana fita da kansa a shinge, bakin daji, gefen hanya da duk inda aka bar ƙasa ba gyara. Yana fure fari ko ruwan hoda daga watan Yuni, 'ya'yan su fara kore, su koma ja, sannan su yi baƙi wuluk tsakanin Agusta da farkon Oktoba. Kowane ɗa tarin ƙananan ƙwayoyi ne manne da juna, kowace ƙwaya da irinta a ciki, shi ya sa yake maƙalewa a haƙori.

Saiwar tana daɗewa shekaru, amma kowane reshe shekara biyu yake yi. Shekarar farko ya yi tsawo ya yi ganye, ta biyu ya yi 'ya'ya, sannan ya bushe. Idan kan reshe ya sunkuya ya taɓa ƙasa a kaka, sai ya yi saiwa a nan, sabon gindi ya tashi. Da haka yake tafiya taku-taku har ya cinye fili ya zama sarƙaƙiya. Wannan ɗabi'a ita ce tushen yadda ake dasa shi, ita ce kuma tushen wani camfi na magani. Duka biyu suna nan gaba.

Shuka shi ake yi ko tsinka kawai?

Kusan duk blakberin da talakan ƙauye ya ci a wancan zamani na shinge ne. Ɗan lambun da ke bayan gidansa na dankali ne da kabeji da albasa da wake, wani lokaci da gindin tuffa ɗaya. Ba mai ba da taku ɗaya na wannan fili ga tsiron da ke cike da hanya kyauta, balle tsiron da idan ya samu wuri ba ya fita da daɗi. Manomi kuwa ciyawa ya ɗauke shi: yana kama gashin tumaki, yana cin gefen gona, ana sare shi duk hunturu idan an zo gyaran shinge.

Masu manyan lambuna sun ɗan gwada, kamar yadda amsar da ke kan ire-iren lambu ta nuna, amma abin bai zama sana'a ba sai ƙarni na 20.

Me ya sa shingayen Ingila suka yi yawa har haka?

Nan ne zuciyar labarin. Kafin ƙarni na 18, ƙauyuka da yawa na tsakiyar Ingila suna da buɗaɗɗun gonaki da filin gayya inda kowa zai iya kiwon saniyarsa ko agwaginsa, ya yi itace, ya tsinci abin da daji ya bayar. Daga wajen 1750 majalisa ta riƙa zartar da dokoki ɗaya bayan ɗaya na killace waɗannan filaye a raba wa masu ƙasa, har aka yi babbar doka ta gama-gari a 1845. Wanda aka ba fili dole ya kewaye shi, sai aka dasa shingen wata bishiyar ƙaya mai saurin girma. An ƙiyasta cewa shingen da aka dasa tsakanin 1750 da 1850 ya kai mil 200,000.

Ba wanda ya dasa blakberi a cikin waɗannan shingaye. Tsuntsaye ne suka ci 'ya'yan, suka sauka kan shinge, suka yi kashi da iri. Cikin 'yan shekaru yaɗon ya hau ko'ina. Shingen da aka yi don a raba talaka da filin kiwonsa, shi ne ya koma yana ba 'ya'yansa abin zaƙi ta gefen da ke kallon hanya. Bai rama musu saniyar da suka rasa ba, ko kusa. Amma a gidan da albashin mako bai wuce sule 7 ko 8 ba, kamar yadda yake a yankunan Dorset da Wiltshire na kudancin Ingila a shekarun 1840, ko sule 10 zuwa 15 a ƙarshen ƙarnin, abin da za a samu ba tare da an fitar da kwabo ba yana da daraja.

Su wa ke tsinka, kuma yaya ake yi?

Mata da yara ne galibi, domin maza suna gona. Lokacin yana zuwa daidai bayan girbin alkama, bayan an gama kala a gonaki, kafin a shiga tonon dankali. Kayan aikin kaɗan ne: kwando ko gwangwanin madara, tsohuwar riga da ba a jin yagewarta, da sanda mai ƙugiya don janyo rassan sama, inda rana ta fi bugu kuma hannu bai riga ya kai ba. Hannu da ƙafa sai sun sha karce, bakin yara kuma yana tona asirin nawa suka ci kafin a kai gida.

Gwanaye sun san abubuwa uku. Na farko, ɗan da ke can ƙarshen tsagiya shi ke fara nuna, ya fi girma, ya fi zaƙi, shi ake ci ɗanye. Na baya sun fi ƙanana da yawan iri, su ake dafawa. Na biyu, wanda ya nuna yana faɗowa hannu da an ɗan ja. Wanda ya yi gardama a bar shi, don blakberi ba ya ƙarasa nuna bayan an cire shi. Na uku, ba a tsinka da ruwan sama ko raɓa, domin jiƙaƙƙe ba ya kwana biyu sai fumfuna. A gida akan zuba su cikin ruwan gishiri na ɗan lokaci, 'yan tsutsotsin da ke ɓoye a ciki su fito su yi iyo a sama.

Ba laifi ba ne shiga gonar wani a yi tsinka?

A dokar Ingila ta lokacin, cire abin da ya tsiro da kansa a daji ba sata ba ce, saɓanin ɗaukar abin da aka shuka a lambu. A 1887 wata babbar kotu, a shari'ar da aka sani da Gardner da Mansbridge, ta yanke cewa tsinkar naman kaza na daji a filin wani bai zama laifin ɓarnar dukiya ba. Amma shiga filin mutum ba izini yana ba shi damar korar ka ko ya kai ƙara, kuma leburan da gidan da yake ciki na maigidansa ne ba zai so ya ɓata masa rai kan kwandon blakberi ba.

Babbar matsalar ita ce masu gadin farauta. Ana buɗe farautar makwarwa ranar 1 ga Satumba, ta tsuntsun fezan ranar 1 ga Oktoba, wato daidai lokacin tsinka. Masu ƙasa ba sa son a tayar musu da tsuntsaye, kuma suna zargin duk wanda ya kusanci daji da ɗana tarkon zomo. Dokar 1862 ta ba 'yan sanda ikon tsayar da mutum a hanya su bincike shi idan suna zargin farautar sata. Saboda haka shingen bakin titi da ragowar filin gayya su ne wuraren da ake tsinka hankali kwance.

Gaskiya ne yara suna gudun makaranta saboda shi?

Gaskiya ne, kuma a rubuce yake. Tun daga 1862 aka wajabta wa shugabannin makarantun da ke karɓar tallafin gwamnati su riƙa ajiye littafin abin da ya faru kullum. A cikin na makarantun ƙauye ana yawan cin karo da ƙorafin cewa aji ya yi fayau a Satumba, yara sun tafi tsinkar blakberi, kamar yadda suke tafiya kala ko tsintar dankali. Dokar ilimi ta 1870 ta yawaita makarantu, ta 1880 ta wajabta zuwa ga yara 'yan shekara 5 zuwa 10, amma sai 1891 aka sauke wa yawancin iyaye kuɗin makaranta. Kafin nan uwa tana biyan kwabo ɗaya ko biyu kowane mako kan kowane yaro, sannan ta rasa abin da yaron zai samo. Ba a yi wa iyayen nan adalci ba idan aka ce ba su san darajar ilimi ba. Takalmin hunturu suke lissafi. A arewa maso gabashin Ingila har yau akwai masu kiran hutun tsakiyar zangon kaka da makon blakberi.

Ana sayarwa ne, ko na ci a gida ne kawai?

Duka biyu. Ana kai wa kasuwar gari mafi kusa, ana kai wa kicin ɗin manyan gidaje, dillalai kuma suna saye su aika birni ta jirgin ƙasa. Da yake ba ya jure ajiya, ƙauyen da ke kusa da tasha shi ke cin riba. Kuɗin ba yawa, kwabbai ne, amma na uwa ne da yara, ba sa bi ta hannun maigida.

Mutanen birni ma sun shigo. Ƙidayar 1851 ta nuna cewa fiye da rabin mutanen Ingila da Wales sun koma birane, da yawansu haihuwar ƙauye ne, suna kewar shinge. Dokar 1878 da ta kare dajin Epping ta bar shi a buɗe ga jama'a ta ba talakawan gabashin Landan wurin zuwa da kwandunansu ranar hutu.

Yaya ake dafa shi a gidan talaka?

Gidaje da yawa ba su da tanda, murhu ne da tukunyar ƙarfe rataye a kan wuta. Don haka abincin blakberi na asali dafaffe ne cikin ruwa. Ana kwaɓa fulawa da kitsen ƙodar sa ko na rago, a shimfiɗa, a zuba blakberi da yankakken tuffa a tsakiya, a naɗe, a ɗaure cikin tsumma mai tsabta da aka barbaɗa wa fulawa, a jefa cikin tukunya ya yi awa biyu yana tafasa, sau da yawa tare da dankali da kabejin abincin ranar. Idan aka kwance aka yanka, ruwan ja-baƙi ya malalo cikin farar kwaɓar. Mai tanda kuma ya yi gasasshe da ɓawon fulawa a sama. Wanda ba shi da ko kitsen sai ya dafa 'ya'yan kaɗai ya zuba kan busasshen burodi.

Haɗin blakberi da tuffa ba don ɗanɗano kaɗai ba ne. Lokaci guda suke nuna, tuffar da iska ta kaɗo kyauta ce, tana ƙara auki, kuma tana taimaka wa jam ya kama. Tuffar girki da aka fi sani a Ingila, Bramley, ta samo asali ne daga irin da aka shuka a Southwell a 1809, kuma a zamanin Biktoriya ne aka fara sayar da dashenta.

To jam fa? Ba shi ne babban amfaninsa ba?

A ƙarshen zamanin, e. A farkonsa, a'a, kuma sukari ne dalili. Jam yana cin sukari kusan daidai da nauyin 'ya'yan: laba ɗaya ta blakberi, wato gram 454, tana son laba ɗaya ko kashi uku cikin huɗu na laba. Lokacin da Biktoriya ta hau gado sukari yana da haraji mai nauyi, matar lebura ba ta iya sayen laba shida lokaci guda don ta ajiye a tulu. Blakberi ya zama abin mako shida: a ci a ƙoshi, ya wuce sai baɗi.

Dokar 1846 ta fara sassauta harajin sukarin ƙasashen waje, har da na Kuba da Barazil inda bayi 'yan Afirka suke noman rake a lokacin, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce sosai a majalisa. A 1874 aka soke harajin gaba ɗaya, sukarin gwoza mai arha daga Jamus da Faransa ya cika kasuwa. Abin da mutum ɗaya ke sha a shekara ya tashi daga wajen laba 18 a 1800 zuwa kusan 90 a 1900. Daga nan ne kyautar shinge ta zama abin da za a iya kai wa hunturu. Kamfanonin jam ma a wannan tsakanin suka taso: Hartley a 1871, Chivers a Histon kusa da Kambirij a 1873, Wilkin a Tiptree a 1885. Burodi da jam ya zama abincin yaran talakawa, domin ya fi man shanu arha.

Me ya bambanta jam da jeli, kuma yaya ake rufe tulu ba tare da murfi ba?

Jam ana barin ƙwayoyin da irinsu. Jeli kuwa ana dafa 'ya'yan da ɗan ruwa har su narke, a juye cikin jakar tsumma mai kauri, a rataye ta, sau da yawa a ƙafafun kujerar da aka kife, ruwan ya kwana yana ɗiga cikin kwano. Ba a matsa jakar, don idan aka matsa jelin ya yi duhu-duhu. Da safe a auna ruwan, a sa sukari, a tafasa har ɗigo ɗaya a kan farantin sanyi ya yi yauƙi ya tattare idan an tura shi da yatsa. Blakberin da ya nuna sosai ba shi da isasshen sinadarin da ke sa jam ya daskare, shi ya sa ake haɗawa da tuffar daji mai tsami ko a jefa 'yan jajayen da ba su gama nuna ba.

Tulunan na yumɓu ne ko na tangaram. Ana yanka takarda daidai bakin, wasu su tsoma ta cikin barasa mai ƙarfi, a ɗora kan jam ɗin, sannan a rufe da wata takardar da aka shafa wa farin ƙwai ko da mafitsarar dabba da aka wanke, a ɗaure da zare. Idan ta bushe sai ta ɗame kamar fatar ganga. Ga 'ya'yan da aka dafa cikin kwalba akan zuba narkakken kitsen rago a sama ya toshe iska.

Me ya sa ake cewa kada a ci bayan wata rana a kaka?

Camfi ne da ya game Ingila. Ana cewa ranar da Mala'ika Mika'ilu ya jefo Shaiɗan daga sama, cikin sarƙaƙiyar blakberi ya faɗo, ya tsine mata, kuma duk shekara idan ranar ta zagayo yakan tofa wa 'ya'yan yawu ko ya tattake su. Ranar bikin Mika'ilu a coci ita ce 29 ga Satumba, amma ƙauyuka da yawa sun riƙe 10 ko 11 ga Oktoba, saboda a 1752 Birtaniya ta canza kalanda ta tsallake kwana 11, mutanen karkara kuma suka ci gaba da lissafin dā. A Ayaland wani aljani ake ɗora wa laifin, ranar kuma farkon Nuwamba.

Akwai gaskiya a ƙarƙashin camfin. Idan Oktoba ta shiga, danshi da sanyi suna ƙaruwa, fumfuna mai launin toka da ake kira *Botrytis* tana kama 'ya'yan, ƙudaje suna huda su suna tsotsa, su yi laushi su yi lami. Uwar da ta ce wa ɗanta Shaiɗan ya tofa yawu ta kare shi daga ciwon ciki, kuma ya fi jin wannan fiye da dogon bayani.

Da gaske ana magani da shi?

Sosai, domin kiran likita ya fi ƙarfin albashin da aka ambata a sama. Ganye da ɓawon saiwa suna da bauri, ana dafa su a sha don gudawa, ko a kurkure baki da maƙogwaro da ruwan. Wannan yana da tushe, don sinadarin baurin yana ɗaure ciki. Akwai kuma haɗin da kusan kowane gida ke ajiyewa: a jiƙa blakberi cikin ruwan khal, wato ruwan tsami na binega, kwana biyu ko uku, a tace, a tafasa da sukari, a ɗura a kwalba. Idan mura ko tari ya zo, a sa cokali ɗaya cikin ruwan zafi. Ba su san sinadarin bitamin C ba, sai ƙarni na 20 aka gano shi, amma 'ya'yan suna da shi, kuma ga mutanen da abincinsu burodi ne da dankali da shayi, makonnin tsinka gyaran jiki ne.

Wasu kuma camfi ne zalla. Reshen da ya yi saiwa a kai biyu, kamar yadda amsar farko ta bayyana, yana yin baka. Ana ratsa yaro ta ƙarƙashinsa sau da yawa don tarin shiƙa ko maruru ko ƙaba. A yankin Cornwall na kudu maso yammacin Ingila akan tsoma ganye tara cikin ruwan marmaro a ɗora kan ƙuna ana karanta wasu kalmomi. Tarin shiƙa yana kashe jarirai da yawa a wancan zamani, ba kuma rigakafi. Uwar da ta sunkuya da ɗanta ƙarƙashin ƙaya ba ta da wata ƙofar da za ta ƙwanƙwasa.

Ban da ci da magani, akwai wani amfani?

Akwai. Ana yanko dogayen rassa a hunturu, a kankare ƙaya, a tsaga, a cire ɓargon ciki, a samu igiya mai ƙarfi da ake ɗinke amyar zuma ta kara da ita, da kwanduna da kujerun kara. Ƙudan zuman ma suna son furen. A wasu maƙabartun coci ana ɗaure sabon kabari da rassan don kada tumakin da ke kiwo a wurin su tone ciyawar. Ana rini da 'ya'yan, sai dai launin yana kodewa da wanki. Ana kuma yin giya da su a gida, ko da yake ƙungiyoyin yaƙi da shan barasa sun yi ƙarfi a ƙauyuka da yawa.

Waɗanne iri ne aka shuka a lambu, kuma yaya ake kula da su?

Amurka ce ta riga Ingila mayar da shi amfanin gona. A tsakiyar ƙarni na 19 an riga an zaɓo ire-ire irin su Lawton da Dorchester da Kittatinny daga na daji. An kawo wasu Ingila, amma yawancinsu ba su ji daɗin sanyin bazararta ba. Wanda ya fi karɓuwa a lambunan masu hali shi ne mai tsattsagaggen ganye, *Rubus laciniatus*. A 1881 wani alƙali a Santa Cruz ta Kalifoniya, James Harvey Logan, ya samu ruwa-biyu tsakanin blakberi da ɗan'uwansa rasberi a lambunsa, aka sa wa sabon irin suna loganberi daga sunansa, irin kuma ya iso Ingila a ƙarshen shekarun 1890.

Kulawar ba ta canza ba har yau. A dasa a kaka ko hunturu cikin ƙasa mai taki, a ba kowane gindi tazara mai yawa, a kafa turaku da waya ko a jingina da bango. Bayan tsinka a yanke duk reshen da ya yi 'ya'ya daga gindi, tunda ba zai sake yi ba, a ɗaure sababbin rassan bana a madadinsu. Mai son ƙari ya binne kan sabon reshe a ƙarshen bazara, kafin shekara ta juyo ya yi saiwa, a yanke shi daga uwar a dasa.

Masana na lokacin sun damu da shi?

Har ya zama fanni mai zaman kansa. Blakberin Birtaniya ba iri ɗaya ba ne, ƙananan ire-ire ne sama da 300, domin yawancinsu irin da suke yi ba ya ɗaukar halin wani gindi, kowane gindi yana haifar kwafin kansa. Shi ya sa shinge ɗaya zai yi zaƙi, na kusa da shi ya yi tsami, kuma kowane iyali yana da wurin da ya sani yake komawa duk shekara. Farfesa Charles Babington na Kambirij ya wallafa littafi a kansu a 1869, limamin coci William Moyle Rogers ya fitar da nasa a 1900.

An kai shi wasu ƙasashe?

Turawan da suka yi ƙaura zuwa Ostireliya da Niyu Zilan sun tafi da shi don shinge da kewar gida. A can ya samu ƙasa mai ni'ima, ba sanyin da zai daƙile shi, ba masu saran shinge duk hunturu, tsuntsaye kuma suka yi aikin da suka saba. Kafin ƙarni na 19 ya ƙare ya cinye bakin koguna da filayen kiwo, Niyu Zilan ta sa shi cikin dokar miyagun ciyayi ta 1900, kuma har yanzu ƙasashen biyu suna kashe kuɗi mai yawa wajen yaƙi da shi.